Kiyaye Haɗarin Iskar Gas a Gida, da Hukuncin Tare Hanyar Mita ko Taɓa Ta

Tambaya

Ina zaune da iyalina a wani gari a Ingila, a gidan da na saya. Iskar gas tana shigo mana ta bututu, mitar kuma tana cikin wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, wanda muka cika da kaya. Kamfani ya aiko mini da takarda sau biyu yana neman a ba ma'aikacinsa dama ya duba mitar, ban amsa ba, saboda da rana maiɗakina ce kaɗai a gida, kuma ba na son baƙon namiji ya shigar mini gida ba na nan. Shin ina da laifi? Sannan wani abokina ya ce akwai mai iya rage gudun mitar don kuɗin da nake biya ya ragu, yana cewa ai kamfanonin nan zaluntar mutane suke yi. Na uku, mahaifiyata a Kaduna tana girki da tukunyar gas a kicin mara taga, abin yana damuna. Ina neman bayani.

Amsa a taƙaice

Ba ya halatta a toshe hanyar mita da makullin gas, domin yin haka saɓa alkawari ne kuma jefa rayuka ne cikin haɗari. Kishin iyali abu ne mai kyau, amma maganinsa shi ne a tsayar da lokacin da kake gida, ba a hana dubawar ba. Rage gudun mita haramun ne, cin dukiyar mutane ne ba da haƙƙi ba, kuma a mitar gas yana iya kashe mutum. Tukunyar gas kuwa ba ta zama a ɗakin da iska ba ta ratsa shi.

Cikakkiyar amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: Matsayin kiyaye wuta a Shari'a

Kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya jefa kansa cikin halaka, kuma hadisi na 32 a cikin Arba'una na Imamun Nawawi, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne tushen ƙa'idar da ta hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da waninsa.

Game da wuta kuwa akwai nassi na musamman. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya siffanta wuta da maƙiyiyar mutane, ya yi umarni da a kashe ta idan za a kwanta. A hadisin Jabir kuma an ambaci dalilin kashe fitila, wato ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. Imamun Nawawi ya bayyana cewa hukuncin yana tafiya ne tare da tsoron gobara: inda ake tsoronta umarnin ya hau, inda aka amintu babu laifi. To iskar gas wuta ce da ba a kunna ba tukuna, wadda ke kwana cikin gida tare da mutane. Duk wanda ya shigo da ita gidansa, ya ɗauki amanar sanin yadda ake tsare ta. Kuma riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali, kamar yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, a hadisin da Tirmizi ya ruwaito.

Na biyu: Gas iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne

Mutane suna kiran duka biyun gas, amma bambancinsu yana da muhimmanci ga tsaro.

Na farko shi ne gas ɗin bututu, wanda ake kai wa gidaje a Ingila da Amurka da Masar da Aljeriya da wasu ƙasashe. Mafi yawansa sinadarin metan ne. Bai kai iska nauyi ba, don haka idan ya yi yoyo sama yake yi, ya taru a ƙarƙashin rufi. Yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Shi ne ake auna wa da mita.

Na biyu shi ne gas ɗin tukunya, wanda aka sani a Najeriya da Nijar, ake sayarwa a kilo: tukunya mai kilo 3, da 6, da 12.5, har zuwa 50. Haɗin furofan ne da butan da aka matse har suka zama ruwa. Wannan ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa kamar ruwan da ba a gani, ya bi ƙasan ƙofa, ya gangara kwata ko rami ko ƙarƙashin gado, inda yara ke kwanciya. Kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama. Ruwansa kuma idan ya koma iska yana kumbura kusan ninki 250, shi ya sa ɗan abin da ya tsiyaya yake cika kicin.

A arewacin Najeriya gidaje ba su da gas ɗin bututu. Bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a shekarar 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, babban bututu ne na tashoshin lantarki da masana'antu. Saboda haka maganar mitar gas ta fi shafar mazauna ƙasashen waje, amma hukuncinta ɗaya ne da na mitar wutar lantarki da ta ruwa da muke da su a gida.

Na uku: Warin gas rahama ne

Asalin gas ba shi da wari ko kaɗan. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji, wani sinadari ne mai suna makaftan da ake zubawa da gangan domin hanci ya gane yoyo tun bai kai munzalin kamawa ba. Ba a tilasta wannan ba sai bayan an yi asara. A ranar 18 ga Maris 1937, gas mara wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Teksas a Amurka, ya fashe, ya kashe kusan mutum 300, mafi yawansu ɗalibai. Bayan wannan ne jihar ta yi dokar sanya wa gas wari, wasu wurare suka bi sahu.

Sai dai hanci ba abin dogaro ba ne a kowane hali. Mai barci ba ya jin wari, mai mura haka, kuma wanda ya daɗe a cikin warin hancinsa yana sabawa har ya zaci ya tafi. Don haka a lura da sauran alamu: ƙarar fitar iska kusa da bututu ko tiyo, kuɗin gas da ya yi tashin da ba a san dalilinsa ba, tukunyar da ke ƙarewa kafin lokacinta, ko ciyawar da ta bushe a kan layin da bututu ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma na'urar da ke ƙara idan ta ji gas. Ta gas ɗin bututu ana maƙala ta kusa da rufi, ta gas ɗin tukunya kuwa kusa da ƙasa.

Hanyar gwada yoyo ita ce ruwan sabulu: a shafa a mahaɗa, idan kumfa tana tasowa akwai yoyo. Gwadawa da ashana ko laita ganganci ne da ya halaka mutane da yawa.

Na huɗu: Abin da za a yi idan an ji wari

Wannan ya kamata kowa a gidan ya haddace shi, har da yara masu wayo da masu aiki.

1. Kada a kunna ashana, ko laita, ko turaren wuta, ko taba. Duk wutar da ke ci a kashe ta.

2. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa. Ɗan tartsatsin da ke fita a cikin makunni ya isa ya tayar da gobara. Wannan ya haɗa da fanka, da ƙararrawar ƙofa, da tayar da janareta ko mota a kusa. Mutane da yawa suna kunna fanka don ta kori warin, alhali nan ne haɗarin yake.

3. A buɗe ƙofofi da tagogi.

4. A rufe gas daga tushe idan ana iya isa wurin cikin aminci. A tukunya, a rufe regileta, wato kan da ake ɗaurawa a bakinta. A gas ɗin bututu, akwai makulli dab da mita: idan hannunsa yana kwance a kan tsawon bututu a buɗe yake, idan aka juya shi ya gitta bututun ya rufe. Idan mitar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma can ne warin yake, kada a sauka.

5. A fitar da kowa, a sanar da maƙwabta, sannan a yi waya daga waje, ba daga cikin ɗaki ba. A Birtaniya lambar gaggawa ta gas ita ce 0800 111 999, kyauta ce dare da rana. A Amurka 911 ko lambar kamfanin. A Masar 129. A Najeriya 112 ko ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa.

6. Kada a koma ciki, kuma kada a sake buɗe makullin mita, sai gwani ya duba.

Ka lura da mataki na huɗu, ya kai mai tambaya. Makullin da zai ceci iyalinka yana bayan kayan da ka jibge. Idan gas ya yi yoyo cikin dare, ba a kunna fitila, maiɗakinka za ta tsaya kwashe akwatuna ne a cikin duhu? Wannan kaɗai ya isa dalili, ko da kamfani bai taɓa aiko da takarda ba. Haɗarin kuma ba ya tsayawa a gidanka. A ranar 16 ga Mayu 1968, gas ya fashe a wani kicin a hawa na 18 na benen Ronan Point a gabashin Landan, kusurwar ginin ta rufta daga sama zuwa ƙasa, mutum 4 suka mutu. Haƙƙin maƙwabci yana cikin wannan magana.

Na biyar: Gubar da ba ta wari

Akwai haɗari na biyu da ya fi yoyo ɓoyuwa. Idan gas, ko gawayi, ko fetur yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana manne wa jini fiye da yadda iskar numfashi ke mannewa da sama da ninki 200, sai jiki ya rasa iska mutum bai sani ba. Alamunta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, abin da ake saurin ɗauka zazzaɓi ne. Abin lura shi ne idan mutanen gida da yawa suka ji haka lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje. A irin wannan hali a fita nan take, a kashe abin da ke ci, a tafi asibiti.

Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma ruwan ɗorawa ko ja, ko yana baƙanta gindin tukunya, murhun yana buƙatar gyara. A ƙasashen sanyi babbar hanyar wannan guba ita ce na'urar ɗumama ruwa da gida idan bututun hayaƙinta ya toshe. A wajenmu kuwa ita ce kaskon gawayi a ɗakin da aka kulle lokacin hunturu, da janareta da ake shigarwa soro ko baranda don gudun ɓarayi. Kada a yi amfani da murhun girki wajen ɗumama ɗaki. Na'urar gano wannan guba daban take da ta gano yoyo, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Na shida: Tukunyar gas, game da mahaifiyarka

Damuwarka tana kan hanya, kuma gyara mata wannan yana cikin kyautata wa iyaye. Mafi kyau shi ne a ajiye tukunyar a waje cikin inuwa, a ɗan keji mai shan iska, a shigo da tiyo ta bango. Idan hakan bai samu ba, a fasa taga, a kuma yi wata kafa ta ƙasa kusa da daɓe, tun da gas ɗin tukunya ƙasa yake bi. Kafin a yi wannan aiki, ta riƙa girki ƙofa a buɗe. Sannan a kiyaye waɗannan:

Tukunya a tsaye take zama, ba a kwantar da ita, ba a girgiza ta, ba a ajiye ta a rana ko kusa da murhun itace ko janareta. Ba a cika ta maƙil. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na cikinta domin ruwan gas ya sami wurin kumbura idan zafi ya yi yawa, kuma kowa ya san yadda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Mai roƙon ɗan ƙari a wajen mai ɗuri, haɗari yake roƙo. Nauyin tukunyar ba komai a ciki yana rubuce a jikinta, idan aka haɗa shi da kilon da aka saya za a san ko an cika daidai.

Tukunya tana tsufa. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ita ce shekara 15, tare da sake gwaji duk bayan shekara 5. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, a rabu da ita. Tiyo ya zama na gas ne, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, a canza shi da zarar ya fara tsattsagewa ko ya bushe. Ɓera yana cin tiyo kamar yadda yake jan lagwani.

Wajen kunnawa, a ƙyasta ashana tukuna sannan a buɗe murhu. Idan an gama girkin dare, a rufe daga kan tukunya. Kada a bar abinci a wuta a tafi unguwa ko a kwanta, domin idan ya tafaso ya kashe wutar, gas zai ci gaba da fita. Idan wuta ta kama a bakin tukunya kuma hannu na iya isa ga makulli ba tare da ƙonewa ba, rufe shi yana kashe ta. Idan ba haka ba, a fice a kira 'yan kwana-kwana. Man girki da ya kama da wuta ba a watsa masa ruwa, murfi ake rufa masa.

A sayi gas a wurin da ke da lasisin hukuma, a guji masu juye gas daga tukunya zuwa tukunya a shago cikin unguwa. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar shagon gas na Sabon Tasha ba a ranar 4 ga Janairu 2020, wadda ta ci rayuka, har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam. Wannan kuma tunatarwa ce ga masu wannan sana'a da masu ba su hayar shago.

Na bakwai: Me ya sa hanyar mita za ta zama a buɗe?

A mafi yawan ƙasashe, bututun da ya taso daga titi zuwa mita da ita kanta mitar suna hannun kamfani, abin da ya wuce mita zuwa cikin gida kuwa nauyin mai gida ne. Ranar da ka karɓi gas daga kamfani ka shiga yarjejeniya da shi, kuma cikin sharuɗɗanta akwai ba da damar karanta mita da duba lafiyarta da canza ta. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika ƙulle-ƙullen alkawari, kuma malamai ba su bambanta tsakanin alkawarin da aka yi da Musulmi da wanda aka yi da wanda ba Musulmi ba.

Zuwan ma'aikaci ba don karanta lambobi ba ne kawai. Yana duba tsatsa, da yoyo a mahaɗai, da na'urar daidaita ƙarfin gas, da ko makulli yana juyawa. Makullin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba yana iya ƙamewa. Saboda haka:

Kada a jibge kaya a gaban mita, musamman fenti da fetur da kwali. Kamfanoni da yawa a Amurka suna neman a bar fili na ƙafa 3 a gabanta. Kada a yi gini a kanta, ko a kewaye ta da bango, ko a rufe ta da kwabar da aka kulle aka tafi da mabuɗi. Mai son ƙara ɗaki a inda mita take, ya nemi kamfani ya matsar da ita, ba birkila ba. Kada a rataya kaya a bututu, ko a ɗaure dabba ko keke a jikinsa. A ƙasashen da ake ƙanƙara, a share ta daga kan mita da hannu ko tsintsiya, don kada ta toshe kafar numfashin na'urar. Kafin a haƙa rami a tsakar gida a tambayi inda bututu ya bi. A Amurka lamba 811 aka ware domin wannan.

Wanda ya ci gaba da hanawa, kansa yake cuta. Za a riƙa kawo masa bil na ƙiyasi, kuma a Birtaniya kamfani yana iya neman izinin kotu ya shiga, a halin gaggawa kuwa doka ta ba masu kula da bututu damar shiga domin tsare rayuka. Wanda ya tsayar da lokaci da kansa ya fi tsare mutuncin gidansa a kan wanda aka zo masa da takardar kotu.

Na takwas: Shigar ma'aikaci gida da haƙƙin iyali

Gida yana da alfarma. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani ba tare da izini ba, kuma sun nuna cewa wanda aka ce ya koma ya koma. Ma'aikacin kamfani ba ya fita daga wannan hukunci a halin da ba na gaggawa ba. Haka kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ya hana namiji kaɗaita da macen da ba muharramarsa ba. To ba ka yi kuskure ba da ka kula da wannan. Kuskuren shi ne yin shiru da takardar, alhali haɗa haƙƙoƙin biyu abu ne mai sauƙi.

Ka kira kamfani ka zaɓi rana da lokacin da kake gida. Idan aiki bai bar ka ba, wani muharrami ko ɗa mai hankali ko wata 'yar'uwa ta kasance tare da ita, a bar ƙofa a buɗe, a nuna wa ma'aikacin wurin mita, ita ta koma wani ɗaki. A nemi katin shaidarsa kafin a buɗe, idan an yi shakka a bar shi a waje a kira lambar da ke jikin bil, ba wadda shi ya bayar ba, domin ɓarayi suna shigar ma'aikata. Karatun wata-wata kuwa kana iya aikawa da kanka ta waya ko intanet, ko ka nemi mitar zamani mai aika karatunta da kanta, sai ya rage duba lafiyarta kawai.

A gidajenmu na Hausa, inda ba a shiga, mafita ita ce tun farko a sa mitar wuta ko ta ruwa a soro ko a bangon waje cikin akwati. Wanda tasa ke cikin gida ya nemi kamfani ya fito masa da ita.

Amma idan an ji warin gas ko gobara ta tashi, hukunci ya canza. Wajibi ne mace ta fita ta kuma buɗe wa masu ceto, ko mijinta yana nan ko ba ya nan, ba ta jiran izini. Lalura tana halatta abin da aka hana, kuma rai yana gaba. Ya kamata miji ya faɗa wa iyalinsa wannan da bakinsa tun kafin ranar, don kada kunya ko tsoron faɗansa ya tsayar da su.

Na tara: Hukuncin taɓa mita

Shawarar abokinka ba ta halatta. Rage gudun mita, ko zagaye ta da wani bututu ko waya, ko karya hatiminta, cin dukiyar mutane ne ta hanyar ɓarna, wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, kuma ha'inci ne a ma'auni. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ba da fatawar haramcin tsayar da mitar wuta ko ta ruwa ko da a ƙasar da ba ta Musulunci ba ce. Dokokin ƙasashe ma sun ɗauke shi laifi. A Najeriya dokar lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kansa. Abin da ɓarawon wuta ya ci kuma, a kan sauran masu biya yake komawa.

A mitar gas laifin ya ninku, domin wanda ya kwance mahaɗa ba tare da ƙwarewa ba ya bar yoyo a gidan da yara ke kwana. A Birtaniya ba a yarda kowa ya yi sana'ar aikin gas ba sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe.

Cewa kamfani yana zalunci ba hujja ba ce. Wanda yake ganin an cuce shi ya ɗauki hoton mitarsa, ya nemi a gwada ta, ya kai ƙara. A Birtaniya idan mako 8 ya wuce kamfani bai warware ba, ana zuwa ofishin mai sasanta rigingimun makamashi. A Najeriya ana farawa da sashen ƙorafi na kamfanin rarraba wuta, sannan ofishin sauraren ƙorafi na hukumar NERC, ko hukumar jiha a inda aka miƙa mata ikon. Wanda ya riga ya aikata ya tuba, ya sa a gyara ta hannun masu izini, ya ƙiyasta abin da ya ci ya mayar. Ma'aikacin da ke karɓar na goro don ya kau da kai, shi da mai ba shi duk sun shiga cikin rashawa.

Na goma: Mai gida, ɗan haya, da lamunin ɓarna

Mai gidan haya shi ke da nauyin miƙa gida cikin yanayin da za a zauna lafiya. A Birtaniya dokar 1998 ta wajabta masa sa gwani ya duba kayan gas duk shekara, ya ba ɗan haya takardar sakamako. Ɗan haya kuma amana ce a hannunsa: ya ba da dama a duba, ya sanar da duk matsalar da ya gani da wuri.

Idan sakaci ya jawo ɓarna, Shari'a tana ɗora lamuni a kan mai sakacin. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, sun lamuntar da wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta ƙone kayan wani. Wanda aka gargaɗe shi game da yoyo ya yi biris, ko ya yi haɗin sata gobara ta tashi, yana kusa da wannan. Idan rai ya salwanta, maganar tana iya kaiwa ga diyya da kaffarar kisan kuskure da aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ambata. Tantance wannan a kowace mas'ala aikin alƙali ne bayan jin ta bakin masana. Wanda kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa sannan ƙaddara ta faɗa, babu zunubi a kansa.

Abin da muke ba ka shawara, ya ɗan'uwa: yau ɗin nan ka kwashe kayan da ke gaban mita, ka nuna wa maiɗakinka makullin da yadda ake juya shi, ka rubuta lambar gaggawa ka manna a wurin. Gobe ka kira kamfani ka tsayar da rana. Ka yi wa abokinka nasiha cikin taushi. Sannan ka aika a fitar wa mahaifiyarka da tukunyarta waje, a canza mata tiyo.

Muna roƙon Allah ya tsare mu da ku daga gobarar duniya da wutar lahira.

Allah ne Mafi sani.